Zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunuka: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, tsakanin Disamba da Afrilu, sai mun ji a labaran duniya cewa dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutane a Turkiyya, ko Afganistan, ko tsaunukan Alps na Turai. Wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba yakan yi mamaki: abu fari, mai laushi kamar auduga, ta yaya zai karya bishiya, ya rushe otal, ya kashe ƙato a cikin minti ashirin? Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mece ce zaftarewar dusar ƙanƙara?

Ita ce gangarowar tarin dusar da ta taru a jikin tsauni, gaba ɗaya, cikin gudu. Iri biyu aka fi sani. Akwai wadda ke farawa daga wuri guda, tana tafe tana faɗi, kamar yadda tsibin yashi ke zubowa idan yaro ya taka samansa. Wannan ba kasafai take binne mutum ba. Ta biyun ita ce mai kisa: falle guda na dusar da ta dunƙule, wani lokaci ya fi filin ƙwallo faɗi, ya tsage daga sama kamar gilashi, ya sulmiyo lokaci ɗaya. Wanda ya taka shi yana tsakiyarsa, tsagin na can sama da shi, ba shi da inda zai yi tsalle. A cikin daƙiƙa biyar irin wannan falle yakan kai gudun kilomita 130 a awa, manya kuwa, masu tashi da ƙura kamar hadari, suna wuce 300.

Me ke faruwa a cikin dusar har ta zame?

Nan ne gundarin maganar. Dusar da ke kwance a tsauni ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa ce. Kowace zubowa tana barin nata shimfiɗar, kowace iska, kowace rana mai zafi, kowane dare mai tsananin sanyi yana barin alamarsa. Daga sama fari fat kawai za ka gani, amma a ciki duk tarihin hunturun bana na nan a jere.

Ka watsa gero a daɓen siminti, ka shimfiɗa tabarma a kai. Mai shigowa tabarma zai gani. Yana takawa ta tafi da shi. Haka abin yake: tabarmar ita ce fallen sama mai ƙarfi, geron shi ne shimfiɗar da ke ƙasa wadda ƙwayoyinta ba su kama juna ba. In aka haɗa waɗannan biyu da gangare mai tsayuwa, abin da ya rage kawai shi ne wanda zai taka.

Daga ina geron yake fitowa? Hanyoyi biyu ne manya. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa ba ta cika sauka ƙasa da digiri sifili ba, ko da iskar sama ta kai ashirin ƙasa da sifili. Idan dusar ba ta da kauri, bambancin nan yakan yi yawa a ɗan tazara kaɗan, sai tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙasa zuwa sama ta tsakanin ƙwayoyin. Da zarar bambancin ya kai digiri ɗaya a kowane santimita 10, ƙwayoyin sai su sake kama, su zama masu kusurwa, manya, warwatse. In ka damƙa ba sa dunƙulewa, zubewa suke ta tsakanin yatsu kamar sukari. Hanya ta biyu ita ce raɓa. A dare mai sanyi wanda babu gajimare babu iska, raɓa takan daskare a saman dusar, ta tsattsaya kamar ƙananan gashin tsuntsu, tana ƙyalli da safe gwanin sha'awa. Idan sabuwar dusa ta zubo ta rufe ta ba tare da ta karya ta ba, to an shimfiɗa tabarma a kan gero.

Abin da ya fi tayar min da hankali game da waɗannan shimfiɗu shi ne daɗewarsu. Sabuwar dusa takan zauna ta kama jikinta cikin kwana biyu ko uku. Amma mai kama da sukarin nan tana iya yin wata biyu tana kwance a ƙasa, bayan kowa ya manta da daren da aka yi ta. Shi ya sa shekarar da dusa ta yi ƙaranci a farkon hunturu ta fi ba masana tsoro a kan shekarar da ta zubo da yawa. Shi ya sa kuma jihar Colorado ta Amurka, mai busasshen sanyi da siririyar dusa, ta fi kowace jiha a ƙasar yawan waɗanda suka mutu ta wannan hanya, alhali akwai tsaunukan gaɓar teku da suka fi ta samun dusa nesa ba kusa ba.

To ta yaya ake gane abin da ke ciki?

Haƙawa ake yi. Mai binciken zai sami gefen gangare inda ba haɗari, ya haƙa rami da shebur har ya kai ƙugu ko ƙirji, ya gyara bangon ramin ya yi sumul. Sai ya durƙusa ya bi shi daga sama zuwa ƙasa yana gwada tauri: nan dunƙulen hannu ya shige, nan sai yatsu huɗu, nan yatsa ɗaya, nan sai fensir, nan kuwa sai wuƙa. Idan ya zo inda fensir ne ke shiga da ƙyar, sannan daf da ƙarƙashinsa dunƙulen hannu ya lume, ya ga abin da yake nema.

Daga nan sai ya yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30 kowane gefe, ya ɗora bakin shebur a kansa, ya fara bugawa: sau goma da motsin wuyan hannu, sau goma daga gwiwar hannu, sau goma daga kafaɗa. Yana bugu yana kallon gefen ginshiƙin. Wani lokaci a bugu na goma sha biyu sai saman ya zame fit, ya bar wuri santsi kamar an yanka sabulu. Wanda ya ga haka ya san yau ba ranar hawa ba ce.

Sai dai rami ɗaya labarin wurinsa kawai yake bayarwa. In ya ce akwai haɗari, a yarda da shi. In ya ce lafiya, taku hamsin gaba labari na iya canzawa.

Wane irin gangare ne ya fi haɗari?

Wanda tsayuwarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, musamman wajen 38. Wanda bai kai 30 ba, dusar ba ta cika zamewa a kansa ba. Wanda ya wuce 50 kuwa ba ya riƙe ta da yawa, tana zubewa kaɗan-kaɗan. Abin takaicin shi ne wannan tsaka-tsakin ne masu wasan zamiya a kan dusa suka fi so. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido yana yaudara, don haka ake aunawa da ɗan ma'auni ko a duba taswira tun daga gida.

Tsayawa a shimfiɗaɗɗen wuri ba ya wadatarwa idan akwai gangare a samanka. Mutum na iya taka dusa a ƙasa, shimfiɗar nan mai rauni ta karye a ƙarƙashin ƙafarsa, karyewar ta bi ta ciki ta hau har inda gangaren yake, ta sako masa shi a ka. A kuma duba inda za a faɗa: kwazazzabo yana tara dusa ya binne mutum da zurfi ko da zaftarewar ƙarama ce, bishiyoyi da duwatsu kuma suna karya ƙashi.

Sai iska. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan katanga ya fahimci wannan. Iska na kwashe dusa daga gefen da take bugawa, ta niƙe ta, ta jibge ta a ɗaya gefen, ta danne ta ta zama falle. Ana iya kwana babu ko ɗigon dusa daga sama, a wayi gari gefe guda na tsauni ya yi nauyi. A kan tsaunin kuma takan gina wani leɓe mai rataye a iska, wanda mai tafiya a sama ke ɗauka ƙasa ce. A ƙarshen hunturu matsalar takan koma ta rana: zafi ya jiƙa dusar, ta yi nauyi, ta kwance. Masu hawa a lokacin tun asuba suke fita, su sauko kafin azahar.

Gaskiya ne ihu ko ƙara na iya jawo ta?

A'a. Muryar mutum ba ta da wannan nauyin. Nauyin jiki ne ke jawo ta, ko na sabuwar dusa, ko ruwan sama, ko nakiya. A cikin kowane haɗari goma da aka rasa rai a dajin tsaunuka, kusan tara wanda abin ya rutsa da shi ne ya tayar da ita, ko wani daga cikin abokan tafiyarsa.

Akwai alamun da mai tafiya zai lura da su?

Babbar alama ita ce ganin inda aka zaftare jiya ko yau a gangare mai kama da wanda kake shirin hawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ta biyu, tsagi ya riƙa gudu daga bakin ƙafarka. Ta uku wata ƙara ce da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa: dusar ta ɗan nutse a ƙarƙashinka tare da wani "wum" mai nauyi, kamar an jefar da buhun hatsi a ɗaki na kusa. Shimfiɗar ƙasa ce ta rufta, iskar cikinta ta fita. Ƙari a kan haka, dusa mai yawa cikin awa 24 da suka wuce, iska mai ƙarfi, ko ɗumi na farat ɗaya.

Mene ne ma'anar lambobin haɗari da ake sanarwa?

A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai mataki biyar, daga 1, haɗari kaɗan, zuwa 5, haɗari mai tsanani ƙwarai, da launuka daga kore zuwa rawaya, ruwan lemo, ja, har baƙi. Amurka da Kanada ma mataki biyar suke amfani da shi. A Suwizalan, cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos, wadda aka fara aikinta a kan tsaunin Weissfluhjoch tun 1936, tana fitar da sanarwa safe da yamma a lokacin hunturu.

Mutane na kuskuren ɗaukar 3 a matsayin tsaka-tsaki, wato ba laifi. Kusan rabin waɗanda ke mutuwa a Turai a ranar mataki na 3 suke mutuwa, wajen kashi 30 cikin ɗari kuma a mataki na 2. A ranar 4 ko 5 kowa na tsoro, kowa na gida. A ranar 3 rana ta fito, dusa sabuwa, gangare tara cikin goma ba za su motsa ba. Lambar kuma kan labari ce kawai. A ƙarƙashinta an rubuta wane gefe na tsauni, daga wane tsayi, wace irin matsala. Wanda ya karanta lamba ya rufe waya bai karanta sanarwa ba.

Me ya sa har ƙwararru abin ke ci?

Saboda tsauni ba ya hukunta kuskure nan take. Mutum zai bi gangare mai haɗari sau ashirin ya sauka lafiya, sai ya ɗauka iyawarsa ce. Wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, ya bi diddigin ɗaruruwan haɗurra a farkon shekarun 2000, ya ga abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa: sabo da wuri, nacewa a kan abin da aka ƙudurta tun da safe, son burge abokan tafiya, bin wanda ake ganin ya fi kowa sani ba tare da tambaya ba, ganin sawun wasu, da gaggawar riga kowa taka sabuwar dusa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ni dai a ganina wanda ya fi daraja a ayari shi ne wanda zai iya buɗe baki ya ce hankalinsa bai kwanta ba, a koma, ko da shi ne ƙarami.

In ta binne mutum, minti nawa yake da su?

Kaɗan ne. Alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa in an tono mutum cikin minti 15, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 kuwa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai. Dusar da ta gangaro, da zarar ta tsaya, takan yi tauri kamar kankare. Wanda ke ciki ba ya iya motsa ko yatsa, bai ma san ina ne sama ba. Numfashinsa na narkar da dusar da ke gaban fuskarsa, ta sake daskarewa ta zama ɓawo, yana ta shaƙar iskar da ya fitar. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu mutuwa shaƙewa ce ke kashe su, saura kuma raunin karo da duwatsu da bishiyoyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar da ta rufta da mahaƙi ya san irin wannan jiran.

Jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa cikin minti 15 sai da wuya. Waɗanda kuke tare da su, su ne masu cetonka.

Wane kaya ake ɗauka?

Uku ne ba a rabuwa da su, kuma kowa da nasa. Na farko 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin riga, tana aika sigina a kan mita 457 kilohaz, wadda duk kamfanoni suka yi tarayya a kai. In an binne wani, sauran sai su juya nasu zuwa nema, ta riƙa nuna musu kibiya da tazara. Na biyu doguwar sanda mai naɗewa, a soka ta a dusa har a ji laushin jiki. Na uku shebur na ƙarfe. Tonon ne ya fi cin lokaci: mutumin da ke zurfin mita ɗaya, sai an kwashe fiye da tan guda na dusa kafin a kai gare shi. Ba a tona daga samansa, daga ƙasa da shi ake farawa, a shiga ta gefe, ana karɓa-karɓa, a fara buɗe masa baki da hanci.

Akwai kuma jakar baya mai balan-balan da ke kumbura in an ja igiya. Hikimarta duk mai bakace ta san ta: in ana girgiza faifai, manyan ke tasowa sama, ƙanana su koma ƙasa. Jakar na ƙara wa mutum girma ne don ya tsaya a sama. Tana rage haɗari, ba ta hana karo da dutse. Karnuka ma suna aiki, tun zamanin Barry, karen gidan masu ibada na mashigar Saint Bernard da ke tsaunukan Alps a farkon ƙarni na 19, wanda aka ce ya ceci mutum kusan 40. Amma kare sai an kawo shi.

Kayan da ba a gwada su ba nauyi ne kawai a baya. Masu hankali sukan binne jaka da na'ura a ciki, su riƙa neman ta suna duba agogo, tun kafin ranar da hannu zai riƙa rawa.

Idan abin ya faru a gabanka fa?

Tun kafin ya faru, a riƙa ratsa gangare ɗaya bayan ɗaya, saura na tsaye a wuri mai aminci suna kallo. In ta ɗauki mutum, kada a ɗauke ido daga kansa, a riƙe inda aka gan shi na ƙarshe, daga nan zuwa ƙasa za a nema. Shi kuma ya yi ƙoƙarin fita ta gefe, ya yar da sandunan zamiya da ke hannunsa, in ya ji tana rage gudu ya kare bakinsa da hannu don ya sami ɗan sarari.

Mai ceto ya ɗaga kai ya duba sama kafin ya shiga. A watan Fabrairun 2020, a hanyar Bahçesaray da ke lardin Van na Turkiyya, dusa ta binne wata ƙaramar bas. Washegari ɗaruruwan sojoji da masu agaji da mutanen gari suna tsakiyar nema, ta biyu ta sauko musu. Fiye da mutum 40 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka je taimako ne.

Ƙauyuka da hanyoyin mota kuma yaya ake kare su?

Kariya mafi daɗewa ita ce daji. Mutanen Andermatt a Suwizalan sun haramta sare bishiyoyin da ke saman garinsu tun 1397, kuma dajin na nan har yau. Bayan hunturun 1950 zuwa 1951, wanda ya ci rayuka fiye da 260 a tsaunukan Alps, aka duƙufa wajen kafa shingayen ƙarfe jere-jere a can inda dusar ke farawa, da rufa wa hanyoyi rumfunan kankare, da zana taswirar inda aka hana gini. A mashigar Rogers ta Kanada, sojoji ne ke harba igwa a jikin tsauni bayan an rufe hanya, su sako dusar tun tana ƙarama.

Duk da haka takan wuce lissafi. A ranar 23 ga Fabrairun 1999 ta shiga tsakiyar ƙauyen Galtür na Ostiriya, har unguwar da ake ganin ba za ta taɓa kaiwa ba, ta kashe mutum 31. Yanzu katanga mai tsawon fiye da mita 300 ce ke tsare garin. A ranar 18 ga Janairun 2017 ta rushe otal ɗin Rigopiano a Italiya, mutum 29 suka mutu. Inda kuwa babu kuɗin shinge babu mai sanarwa, adadin yakan fi haka: fiye da 160 a mashigar Salang ta Afganistan a 2010, yawancinsu matafiya a cikin motoci, da mutum 140 a sansanin sojan Pakistan na Gayari a 2012.

Wannan ya shafe mu kuwa?

A Afirka ma ana samun ta, a tsaunukan Atlas na Maroko, wajen Toubkal mai tsayin mita 4,167. Ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashe masu tsaunuka kuma sukan bi abokai yawon buɗe ido. A filin wasan zamiya da ake kula da shi an riga an tsare gangaren, haɗarin na farawa ne daga bayan igiyar da aka gitta, ko da taku goma ne.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne samarin Afirka ta Yamma da tun wajen 2017 suke ratsa iyakar Italiya da Faransa da ƙafa, daga Bardonecchia ko Claviere zuwa Briançon, ta mashigar Échelle ko Montgenèvre. Da dare suke tafiya, cikin takalmin kanbas, suna kauce wa hanya don gudun 'yan sanda, wato suna shiga daidai gangaren da mazauna wurin ba sa kusanta a hunturu ko da rana tsaka. Ba na'ura, ba shebur, ba wanda ya san inda suke. An yanke wa wasu yatsu saboda sanyi, an tsinci gawar wasu bayan dusa ta narke. Mutanen kwarin sukan fita da fitila da shayi mai zafi suna neman waɗanda suka ɓata, amma ba kowa suke riska ba. Wanda ke da ɗa ko ƙane a wannan hanya ya gaya masa kada ya hau tsaunin nan a hunturu, in kuma ya riga ya shiga ya maƙale, lambar gaggawa a duka ƙasashen biyu ita ce 112, kuma kyauta ake kiran ta.